Ƙara wa Tirela Ƙarfi ta Kwamfutar Inji: Ta Soket, a Kan Tebur, Akwatin Ƙari ko Kwamfuta ta Biyu?

Duk mai babbar motar da ke bin hanyar Ngaundere zuwa Kusiri ya taɓa jin wannan tayin a gareji: a kawo motar a taɓa mata kwamfuta, ta ƙara ƙarfi, ta rage shan gas. Tayin ba ƙarya ba ne gaba ɗayansa, domin kwamfutar nan da makanikanmu ke kira kalkilata ita ce ke yanke yawan man da za a fesa, da lokacin fesawa, da iyakar ƙarfin da injin zai bayar, kuma ana iya sake rubuta mata lissafinta. Inda masu motoci ke rikicewa shi ne hanyoyin yin aikin sun kai huɗu ko biyar, kowane gwani yana yabon tasa, kuma dukansu da yawan doki suke tallata ta. Ni kuwa a wurina yawan dokin shi ne tambaya ta ƙarshe. Ta farko ita ce: in aikin ya ɓaci, ko motar ta ƙi jin daɗinsa bayan wata guda, da me za ka mayar da ita yadda kamfani ya yi ta?

Ma'aunan da za a bi

Na ɗaya, hanyar dawowa, wato ko za ka bar garejin da cikakken kwafin asalin kwamfutarka a hannunka. Na biyu, haɗarin lokacin aiki, domin kwamfuta na iya mutuwa ana tsakiyar rubuta mata, ta zama ƙarfe kawai. Na uku, kuɗi, har da kuɗin kwanan da motar za ta yi ba ta kan hanya. Na huɗu, ɗorewa a zafin Garwa da Njamena inda Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, da jijjigar hanyar Mora zuwa Dabanga. Na biyar, sauƙi: in ta tsaya maka a Waza ko a Tuboro, bakaniken da ke kusa zai iya gane abin da aka yi mata?

Wace kwamfuta ce a motarka

A fara nan, don wasu motocin ma zancen bai shafe su ba. HOWO 371 mai injin WD615 na matakin Euro 2, irin wanda ya cika wuraren aikin gini, famfon gas mara lantarki yake da shi. Babu kwamfutar da ke sarrafa fesa mai a cikinsa, wanda ya ce zai rubuta mata fayil kuɗinka kawai yake so.

Actros na zubin MP1 zuwa MP3, masu injin OM501 ko OM502, kwamfutarsu ita ce MR da ake kira PLD, tana manne a jikin inji, tana magana da wata ta biyu mai suna FR, kuma tana ɗaure da makullin motar. Renault Premium da Kerax masu dCi 11 Bosch ce a jikinsu, masu DXi kuwa tsarin Volvo ne, EMS2. MAN TGA mai injin D20 yana da Bosch EDC7, haka ma Iveco Cursor na matakin Euro 4 da 5. Actros MP4, wanda ya fito a 2011, ya zo da kwamfutoci da yawa da ke sa wa juna ido, shi ya sa aikinsa ya fi tsada da wahala. Ka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin kwamfutar, mai lambar ƙira da lambar manhaja, kafin ka yi ciniki da kowa. Gwanin da ya faɗi farashi bai tambayi wannan lambar ba, ka nemi wani.

Gyaran da ke gaban kowane zaɓi

Yawancin motocin da ake kawowa wai sun rasa ƙarfi, ƙarfinsu na asali ne ya zube a hanya. Ƙaramin tsagu a bututun iskar turbo, ko a na'urar sanyaya iskar da ke gaban lagireto, ya isa ya sa mota ta yi nauyi a hawa tana zuba baƙin hayaƙi. Filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe, filtar gas da ta cika da ruwa da laka saboda man galan na bakin hanya, nozul da ya gaji, bawul da aka daɗe ba a saita ba, duk haka suke yi. A sa valis, wato na'urar binciken kwamfutar mota, a karanta laifuffukan da kwamfutar ta ajiye, a rubuta su a takarda kafin a goge. A matsa iska a bututun turbo a saurari inda ke huci. A cire murfin baƙin mai injin na aiki a ga yawan hayaƙin da ke fitowa, in yana busowa da ƙarfi ringi sun tafi, kuma ƙarin mai zai gaggauta ƙarshen injin ne kawai. A wanke lagireto ciki da waje, a tabbatar fanka na kamawa idan zafi ya hau.

Sai kuma abin da ke bayan injin, wanda masu tallar doki ba sa son a ambata. Kowane giyabos yana da iyakar ƙarfin juyin da zai ɗauka, kuma sau da yawa sunansa ne ke faɗa. G211 na Mercedes an yi shi ne don Nm 2,100 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin juyi), G240 don 2,400, ZF 16S 2220 kuwa kusan 2,200. Injin OM501 mai doki 435, wato na Actros 1844 ko 2544, yana ba da Nm 2,100 tun daga kamfani. Idan G211 ne a bayansa, to babu sauran wuri, duk abin da aka ƙara giyabos da kuloci ne za su biya shi. Wannan lissafin na minti biyar ne, amma shi ke raba aikin hankali da na ganganci.

Ta soket

Wannan ita ce hanyar da aka fi tallatawa. Ana jona na'ura irin KESS ko Flex ko Autotuner a soket ɗin bincike na cikin kai, ba a kwance komai, cikin awa ɗaya ko biyu an gama. Ita ce mafi araha cikin masu sake rubutu, kuma ba ta taɓa hatimin kwamfutar, don haka ruwa da ƙura ba su samu sabuwar ƙofa ba.

Rauninta yana wurin da na fi damuwa da shi. A kwamfutoci da dama soket ba ya ba da komai sai ɓangaren taswirar mai, wato lissafin man da za a fesa. A wasu ma ba ya karanta motarka ko kaɗan, na'urar tana duba lambar manhaja ne ta sauko da fayil mai irin wannan lambar ta intanet. Ga motar da aka saya sabuwa wannan ba matsala ba ce sosai. Amma tsofaffin motocin da ke zuwa mana daga Turai sun wuce ta hannu uku ko huɗu, wata an riga an taɓa ta a can, kuma fayil ɗin da aka sauko da shi ba zai nuna maka hakan ba. Sannan EEPROM, ƙaramar ma'ajiyar da ke riƙe da bayanin makulli da lambobin nozul da awannin aikin inji, yawanci ba ta shiga kwafin.

Haɗari na biyu wuta ce. Rubutun na bi ta wayoyin motar, waɗanda shekaru da zafi suka cinye, kuma yana dogara da batir biyu su riƙe volt 24 ba tangarɗa. Na ga kan tirela da ya kwana a wani gareji fiye da mako, lodinsa na jira a Ngaundere, don an jona caja a wutar gari ana rubutu, wutar ta ɗauke, batiran kuma dama sun gaji. Kwamfutar ba ta ƙara amsawa ba, kuma babu cikakken kwafin da za a tashe ta da shi. In za a bi ta soket, batira su zama lafiyayyu, a jona na'urar riƙe wuta a janareto, kwamfutar bakaniken ta cika da caji, kada kowa ya buɗe ƙofa ko ya taɓa makulli har a gama.

A kan tebur

A nan ana kwance kwamfutar daga jikin inji, a ɗora ta a tebur, a jona wayoyi kai tsaye a fil-fil ɗin bakinta ba tare da an buɗe murfi ba. A kwamfutocin da na'ura ke iya karantawa ta wannan hanyar, ana samun komai: babbar ma'ajiya da EEPROM duka. Da wannan kwafin, ko kwamfutar ta mutu ana iya tashe ta, ko a zuba shi a wata irinta motar ta tashi da makullinta.

Wani bakanike a Garwa na gani yana wannan aikin yadda ya kamata. Ya share teburin, ya kafe hoton tsarin fil-fil a gabansa, yana ƙirga ramukan da tsinken ashana kafin ya soka kowace waya, don waya ɗaya ta wuta a ramin da ba nata ba ta isa ta ƙone allon. Ya karanta sau biyu, ya gwada fayilolin biyu ya ga sun yi daidai, sannan ya juyo wurin mai motar.

"Alhaji, ka zo da filashi?"

"Na me fa, Malam? Ai yana cikin kwamfutarka."

"Kwamfutata ana iya sace ta gobe, ni ma ina iya barin garin. Aika yaro ya sayo guda biyu, ɗaya a gida, ɗaya a cikin takardun mota."

Ya sa wa fayil ɗin lambar motar da kwanan wata, ya kuma tura wa Alhajin ta waya. Wannan shi ne aikin da nake so kowane mai mota ya nema.

Kuɗinsa ya fi na soket, kuma motar za ta yi yini ko kwana. Wurin kwancewa ma akwai abin lura: a cire kan batir tukuna, a bi manyan soket ɗin a hankali don robarsu ta bushe da zafin inji, kuma a Actros akwai farantin da gas ke bi yana sanyaya MR a bayanta, a mayar da shi daidai kada ya riƙa ɗiga.

Ka tambayi irin na'urar da gwanin ke riƙe da ita. Akwai wadda suke kira masta, mai fitar da fayil a buɗe wanda kowane gwani zai iya aiki da shi. Akwai silef, wadda fayil ɗinta a kulle yake, ba mai buɗe shi sai wanda ta ke ɗaure da shi a Turai ko wani wuri. Kwafin silef a filashinka ba zai amfane ka a garejin Mundu ba. Akwai kuma jabun na'urori masu arha da suka cika kasuwa, waɗanda ba sa samun sabuntawa, kuma wani lokaci su kasa gyara lambar tantancewar fayil, motar ta ƙi tashi bayan rubutu. Araha ba ta ado.

Buɗe cikinta

Wasu kwamfutocin, musamman tsofaffin EDC7 da waɗanda suka riga suka mutu, sai an ɓalle murfi an taɓa allon da allurai ko an yi ɗan walda. Kwafin da ake samu cikakke ne, amma an karya hatimin kamfani. Kwamfutar da ke manne a jikin inji tana shan ruwan wanki da na damina, in ba a mayar da murfin da gam mai jure zafi ba, tsatsa za ta shiga a hankali, laifin kuma ya fito bayan watanni a inda ba a zata ba. Hanyar ceto ce, kada a zaɓe ta in tebur zai yi.

Akwatin ƙari

Wannan ba ya taɓa fayil. Ƙaramin akwati ne da ake saƙalawa tsakanin kwamfuta da inji. A injin da ke da bututun mai na bai-ɗaya yana rage adadin matsin da na'urar awo ke faɗa wa kwamfutar, sai ita kuma ta ƙara matsi. A injin Actros mai kwamfutar PLD da makamantansa yana tsawaita lokacin fesawa. Kyansa a fili yake: ana cire shi cikin mintuna motar ta koma yadda take, babu haɗarin mutuwar kwamfuta, kuma ana iya mayar da shi kan wata motar irinta.

Amma ban cika son sa a hanyoyinmu ba. Kwamfutar ba ta san ainihin man da ke shiga ba, don haka kariyar da kamfani ya gina mata tana aiki ne da lissafin da ba daidai ba. Mai ya ƙaru, iska ba lallai ta ƙaru daidai da shi ba, zafin salansa ya hau. Ƙarin soket-soket a jikin inji kuma ƙarin wuraren da ƙura da jijjiga za su kwance ne, ga mota tana yanke wuta jefi-jefi an rasa dalili. Allon gaban direba zai nuna shan gas ya ragu, alhali lissafin ne ya karkace. Farashin nagari daga Turai yakan kai ko ya wuce na rubutu a kan tebur, na arhan kuwa ba shi da maraba da waya mai ruɗin na'urar awo.

Kwamfuta ta biyu

A sayi tsohuwar kwamfuta mai lambar ƙira daidai da taka, a Kam Yabasi a Duwala ko wurin masu kayan gyara na Kano, a zuba mata cikakken kwafin taka, a yi ƙarin ƙarfin a kanta. Ta asalin a naɗe ta a leda da soso, a ajiye a akwatin cikin kai. Ita ce mafi tsada, don ka biya kwamfuta ka biya aikin tebur, kuma sai an gwada wadda aka sayo, tunda wasu dama da ciwonsu aka ciro su. Sai dai ita kaɗai ce ke ba direba hanyar dawowa a bakin titi da sufana, ba valis ba intanet. Ga motar da ke kwana a tsakanin Tuboro da Mundu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

| Hanya | Kuɗi | Kwafin asali | Haɗarin aiki | Ɗorewa | Tsayuwar mota |
|---|---|---|---|---|---|
| Ta soket | Ƙasa | Rabi, wani lokaci babu | Matsakaici, ya dogara da batir | Mai kyau | Awa 1 zuwa 2 |
| A kan tebur | Matsakaici | Cikakke | Ƙasa a hannun gwani | Mai kyau | Yini ko kwana |
| Buɗe ciki | Matsakaici zuwa sama | Cikakke | Sama | Ya dogara da rufewa | Kwana 1 zuwa 2 |
| Akwatin ƙari | Ya bambanta ƙwarai | Ba a taɓa fayil ba | Ƙasa | Rauni a ƙura da jijjiga | Awa 1 |
| Kwamfuta ta biyu | Sama | Ta asalin na hannunka | Ƙasa ƙwarai | Mai kyau in an gwada ta | Har a samo ta |

Abin da za a rubuta a ciki

Hanyar shiga daban, fayil ɗin daban. Kamfanoni kan fitar da inji ɗaya a matakan ƙarfi da yawa. OM501 ya fito daga doki 313 har kusan 480, kuma lambobi biyu na ƙarshen sunan motar ne ke nuna matakin. Hawa mataki ɗaya zuwa lissafin da kamfanin da kansa ya gwada ya fi kwanciyar hankali, muddin an duba lambar turbo da nozul an ga iri ɗaya ne da na matakin saman, don ba kullum suke zama ɗaya ba. Bayan wannan sai fayil ɗin da gwani ya gyara daga kwafin motarka. Wanda za a guje wa shi ne na tarin fayilolin da ake saukewa kyauta a zuba wa kowace mota.

Kada a yarda a cire kariyar zafin ruwa ko ta matsin baƙin mai, kada a buɗe iyakar gudun kilomita 90 da motocin Turai ke zuwa da ita. Ku tuna yadda hanyar take: daga Ngaundere mai tsayin mita 1,100 da ɗoriya zuwa Garwa da ke ƙasa da mita 300, mai lodin Njamena gangara yake yi a dutsen Mbe, kuma ƙarin mai ba ya ƙara wa birkin inji komai. Mai hawa da auduga ko albasa ko shanu zuwa kudu shi ne ke jin amfanin dokin, shi ne kuma zai riƙe totur a ƙasa na tsawon lokaci. Don haka a sa agogon zafin salansa kafin turbo, a koya wa direba ya sauke giya in allura ta doshi digiri 700. Baƙin hayaƙi bayan aiki alama ce an zuba mai fiye da iska, kuɗinka ne ke fita ta salansa, kuma mutanen kasuwannin bakin hanya ne ke shaƙarsa. Ƙarin ƙarfi kuma bai canza dokar sikeli ba: tan 13 a aksil guda, tan 50 gaba ɗaya. In motar sabuwa ce tana da garanti, duk wani rubutu zai iya soke shi.

Batun rage shan gas a auna shi da tanki. A ce mota na cin lita 45 a kilomita 100. Duwala zuwa Njamena ya haura kilomita 1,800, wato lita 810, a farashin sefa 828 da aka sa a Kamaru a Fabrairun 2024 ya kama kusan sefa 670,000 a zuwa kaɗai. Ragin kashi 3 cikin 100 zai ba ka wajen 20,000, kuma direba mai nauyin ƙafa zai cinye su kafin Bertuwa. A cika tanki a baki, a yi tafiyar da aka saba da lodin da aka saba, a sake cikawa, kafin aiki da bayansa.

Wa ya dace da wace

Mai mota ɗaya da ita ce abincin gidansa, ya yi gyaran farko tukuna ya sake gwada ta a hawa, sau da yawa zancen a nan yake ƙarewa. In har yanzu yana so, a kan tebur, da na'urar masta, hawa mataki ɗaya. Mai motoci da yawa iri ɗaya, a karanta kowacce a tebur sau ɗaya a ajiye kwafinta, gyare-gyaren baya a yi su ta soket. Mai zuwa Mundu da Abeshe da wuraren da valis ke da nisa, kwamfuta ta biyu. Mai tifa ko motar da ke aiki cikin gari kusa da gareji, soket ya ishe shi in batiransa sababbi ne kuma an tabbatar karatun na gaske ne daga motarsa. Akwatin ƙari sai ga wanda motar ba tasa ba ce, kuma da izinin mai ita, ko wanda zai sayar da ita nan kusa. Wanda kwamfutarsa ta riga ta mutu, buɗe ciki ne ya rage masa, ya tsaya a wurin har a mayar da murfin da sabon gam, a bar shi ya bushe kafin a ɗaura ta a jikin inji.